Rimayen Kwarin Mbah Sarinten

Pati, watan Maris

Kang Muri, yayana,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mutanen jirginku, teku kuma tana yi muku da sauƙi. Mu nan lafiya lau. Mak, uwarmu, tana gaishe ka. Gwiwarta ce dai har yanzu, kafin hadari ya haɗu ta riga kowa sani. Ta ce in tambaye ka ko kana samun ɗan ganye kana ci, ko kuwa kifi ne safe da yamma har ka fara fitar da ƙaya. Maigidana Ngadiman ma yana gaisuwa, shi zai kai takardar nan tashar Juwana ya ba jirgin da ke zuwa kwaso muku kifi.

Damina ta ja mana rai bana. Babu fure ko na magani, ruwan sukari kawai nake ɗura wa ƙudan zuman da Bapak, mahaifinmu, ya bar mana, Allah ya jiƙansa. Ana cikin haka sai 'yar jar kaskar nan ta shiga akwatunan, na ga ƙudan suna fitowa da murɗaɗɗen fiffike suna rarrafe a ƙasa. Wallahi Kang, zama na yi a gindin mangwaro na sha kukana. Da kana nan, kallo ɗaya za ka yi ka faɗa mini abin yi. Amma kafin takarda ta je tekun Arafura ta dawo, ai an yi sadakar arba'in ɗin ƙudan.

Sai Ngadiman ya ce in ɗauki hoto in sa a zauren masu zuma na waya. Ban taɓa ba ka labarinsa ba ko? Masu kiwon zuma ne daga nan Pati, da Jepara, har can Pasuruan, kowa da wayarsa. Ka tuna Parjo, wanda yake yi wa Bapak lodin akwatuna? To shi ya kafa shi. Ban gama shan kofi ba sai ga amsar Mas Parjo, har da ɗan bidiyo yana nuna yadda zan yi. Na bi abin da ya ce, yanzu ƙudan sun miƙe.

Suna da taswira kuma a wayar. Kowa yana sa inda ya ga fure ya buɗe, da inda manoma za su yi feshi, da ƙauyen da mai garinsa ba ya son ganin akwati. An daina ƙona mai a babur ana yawon neman fure kamar yadda kuke yi da Bapak. Sai dai Mas Parjo ya sa doka: sai ka sa wurinka sannan za a buɗe maka na wasu. Ni gonar masarar bayan gida na sa, aka yi ta yi mini dariya.

Yanzu ga dalilin takardar. Na je gaida tsohuwa Mbah Sarinten a kwarinta, inda muke kai ƙudanmu cin furen rimi, na kai mata kofi da sukari. Ta tsufa sosai. Rimayen suna nan kamar yadda ka san su. Amma na tarar da ɗanta Gunadi ya dawo daga Semarang, na gan shi yana zagaya su yana rungumar kowanne da hannu kamar mai auna ƙugun saniya a kasuwa. Raina bai so ba. Ya kake gani idan na sa kwarin a taswira? Na san alkawarin da muka yi wa Bapak, shi ya sa na tambaye ka.

Ƙanwarka,
Darsih

*

Dobo, watan Afrilu

Dik Darsih,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau. Ki ce wa Mak ina cin ganye idan mun shigo gari, ƙaya kuma ba ta fito ba tukuna. Ta riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi. Ki gaida Ngadiman.

Na karanta takardarki. Na yi ta cin karo da Mas Parjo, Mas Parjo, har na gaji na ajiye na sha iska. Yaushe ya zama Mas, har ana girmama shi kamar babban yaya? Parjo fa! Parjon da ya saki akwati a kan ƙafarsa ya ruga ya faɗa rafi yana kiran uwarsa? Ni na koya masa yadda ake ɗaga saƙa ba a murƙushe sarauniya ba. Ni na koya masa hura hayaƙi. Maganin kaskar da ya yi miki bidiyo a kai kuwa, ki tambaye shi a bakin wa ya fara jin sa.

Kada ki ce ban ga zauren naku ba. Da muka shigo Dobo shan mai na samu sabis, na sa wani ɗan Jepara da ke jirginmu ya jefa ni ciki. Karatu kawai na yi har idona ya yi ja. Na gan shi da farar hula da safar hannu tsaf, kamar likitan haƙori, mutane suna ta Pak Parjo kaza, Pak Parjo kaza. Na ga ke ma kin yi suna. Mbak Darsih mai zumar rimi! Madalla. Har wani ya tambaye ki wa ya koya miki sana'a, kika rubuta masa: Bapak. Shi ke nan, kika sa aya. To bari in tuna miki, Bapak ni ya koya wa, ni kuma na koya miki. Lokacin da nake kwana a gindin akwatuna ke kina gida kina tsoron tururuwa.

Ba ni na zaɓi barin zuma ba, kin fi kowa sani. Harbi ɗaya ya toshe mini maƙogwaro, likita ya ce in rabu da su ko su raba ni da duniya. Ga ni nan ina warin kifi, wasu suna can suna cin suna da abin da na koya musu.

Maganar kwari kuwa, a'a. Shekara da shekaru Bapak yana rufe mota da tamfol yana ce wa mutane Jepara za shi, don kada kowa ya san inda zumarmu take fitowa. Yakan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A gadon asibiti ya haɗa hannuna da naki ya ce kada ɗayanmu ya faɗi wurin sai da yardar ɗayan. Ki sa shi a taswira yau, gobe ki tarar da motoci sun yi layi, akwati kan akwati, ƙudanki suna kokawa da na baƙi a kan fure ɗaya. Dokar nan ta sai ka sa naka, kin zauna kin yi tunanin don wa aka yi ta? Ruwa ba ya tsami banza. Parjo ya daɗe yana son sanin inda motar Bapak take zuwa.

Gunadi kuma ki bar shi ya rungumi bishiya, ba shi da aikin yi ne.

Yayanki,
Kasmuri

*

Pati, watan Mayu

Kang Muri,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, ruwa ya ɗauke, Mak har ta fara fita bakin hanya sayar da tempenta na waken suya. Ta ce ka aiko da hoto ta ga ko ka rame.

Kai Kang! Ashe laɓe kake yi mana a zaure kamar ɓarawon kaza? Da ka yi sallama ai da ka ga yadda za a karɓe ka. Tsofaffin ciki duk sun san ka. Maganar wa ya koya mini kuwa, a tsaye na amsa, hannuna duk kaki. Ban san akwai alƙali a Dobo yana bin maganata kalma kalma ba. Kai ka koya mini, kowa ya sani, ni ma na sani. To na faɗa, hankalinka ya kwanta?

Yanzu ka ajiye Parjo gefe ka saurare ni, don maganar ta wuce wasa. Gunadi ya kawo masu injin yankan katako sun duba rimayen. Ba a ɓoye ya yi ba, a gabana. Ya ce mini, "Mbak, wa ke sayen audugar rimi yanzu? Kowa katifar soso yake kwana a kai. Masu gini kuma suna neman katako ido rufe." Na ce to zumar fa? Ya yi dariya ya ce, "Zumar ta wa? Kwalba biyu da kofi kuke kawo wa tsohuwa a shekara, ku kwashe sauran." Kang, kunya ta kama ni, domin bai yi ƙarya ba.

Abin da ban gaya maka ba wancan karon shi ne, zauren yana da wani tsari da suke kira riƙon bishiya. Idan za a sare wurin fure, sai masu zuma su haɗa hannu su riƙa biyan mai wurin duk shekara don ya bar bishiyoyin a tsaye. Su kuma sai a tsara musu, wane ya kawo akwati kaza, wane ya jira baɗi, ba a cika wuri yadda kake tsoro. Sun yi haka a wurare biyu a Jepara, na je na gani da idona. Na gwada wa Gunadi maganar ba tare da na ambaci kowa ba, ya ce in dai abin zai riƙa shigowa duk shekara, ya fi masa sayarwa sau ɗaya. Ni kaɗai ba zan iya ba. Su kuma ba sa riƙe wurin da ba ya cikin taswira.

Ka ga ke nan, ko mu raba kwarin da mutane, ko mu raba shi da zarto. Rimayen sun fara zubar da ganye, ƙarshen wata zan kai akwatuna. Ka ce mini eh kawai.

Darsih

*

Teku, watan Yuni

Dik Darsih,

Ina lafiya, sai dai iskar gabas ta taso, jirgi yana ta rawa, idan kin ga rubutun ya karkace ba ni ba ne. Ki gaida Mak, hoto sai mun shiga gari.

Kin ce in ajiye Parjo gefe. Ta yaya, alhali duk inda na juya a takardarki shi nake gani a tsaye? Riƙon bishiya! Suna mai daɗi. Wa zai tsara wane ya kawo kaza, wane ya jira baɗi? Shi. Wato ke, 'yar Bapak, za ki tsaya a layi yaron lodin Bapak ya ba ki izinin shiga kwarin da muka share da hannunmu. Wata shekarar ma ya ce miki ki jira baɗi.

Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Na san Gunadi tun yana yawo ba wando. Baki ne da shi kawai. Muddin Mbah Sarinten tana numfashi babu mai taɓa bishiyar nan, mijinta ne ya dasa su. Ki ƙara mata zuma, ki ƙara kofi, ki sayo mata zane mai kyau, ki zauna ki ji labarin ciwon bayanta kamar yadda Bapak yake yi. Haka ake riƙe wuri, ba da danna waya ba.

Kina so in faɗi gaskiya? To ga ta. Eh, ina jin haushi. Kishi nake yi, kuma ban ji kunyar faɗa ba. Akwatunan Bapak suna hannunki. Wuƙarsa ta yankan kaki tana hannunki. Sunan sana'ar yana hannun Parjo. Da can idan ana son sanin ranar da rimi zai buɗe, ƙofar gidanmu ake zuwa a jira in fito daga wanka. Yanzu kowane ɗan bana-bakwai sai ya latsa waya ya gani. Abu ɗaya ya rage wanda na sani Parjo bai sani ba, shi ne hanyar kwarin nan. Idan jirgi ya yi shiru ina gyaran koma, ita nake bi a raina, daga gadar katako, a bi ta bayan maƙabarta, a gangara. Shi ma kina so ki karɓe ki miƙa masa.

Ban yarda ba. Kada ki sake tambayata.

Kasmuri

*

Kwari, ƙarshen Yuli

Kang,

Ina fata kana lafiya. A kan murfin akwati nake rubuta wannan, ka yi haƙuri da tabon zuma.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mbah Sarinten ta rasu. Zanen da ka ce in saya mata sau ɗaya ta ɗaura. Na je na yi aikin girki a gidan har aka yi sadakar bakwai. Washegari Gunadi ya karɓi kuɗin masu katako.

Bana rimayen sun yi furen da ban taɓa gani ba. Da asuba kwarin har gunji yake yi. Mun tatsa mun sake tatsa, zuma fara tas, mai ƙamshin nan da ka sani. Ina tatsa ina hawaye, Ngadiman yana cewa zan sa mata gishiri.

Ka ce kada in sake tambaya, amma dole ce ta sa. Ka ji inda muke. Masu injin sun zo da motarsu, suna kunna zarto ƙudanmu suka yi musu ca. Babbansu ya zubar da hularsa ya haye mota, ya ce ba za su dawo ba sai an kwashe akwatunan nan kaf. To ni kuma na ƙi kwashewa. Fure ya ƙare, kowa ya yi gabas wurin furen mangwaro, ni ina nan ina dama ruwan sukari a tsakiyar rani kamar mahaukaciya. Gunadi yana zuwa kullum. Jiya ya ce, "Mbak, don darajar tsohuwa nake ɗaga miki ƙafa. Idan mutanen naki da gaske suke, su zo mu yi magana, in mayar wa masu katako kuɗinsu. In ba haka ba ki ɗauke kayanki, kada in kira mai gari."

Na je wurin Mas Parjo, kada ka tashi hankalinka, ban faɗi wurin ba. Na ce akwai wani kwari, a taimaka a riƙe shi ba tare da an sa a taswira ba. Ya ce, "Mbak, kuɗin jama'a ne. Ta yaya zan ce su biya bishiyar da ba za su gani ba, ba za su kai ƙudansu ba?" Bai tambaye ni ko ina ne ba. Wayarka ba ta shiga a teku, sai na je ofishin masu jirginku a Juwana in roƙa a kira ka ta rediyo, suka ce sai maganar mutuwa ko haihuwa ta cikin gida.

Ngadiman ya ce in sa kawai, in ka dawo ka yi faɗanka ka gama. Na buɗe taswirar, na ɗora yatsa a kan wurin, sai na tuna hannun Bapak a kan namu, na kasa. Ba zan ci amanarka kana bayan teku ba. Amma ƙudan suna raguwa, Kang, sarauniyoyi sun rage ƙwai. Zan riƙe har jirgin kwasar kifi na gaba ya shigo. Kalma ɗaya nake jira.

Darsih

*

Dobo, watan Agusta

Dik Darsih,

Lafiya lau nake, ina fata ku ma haka. Ga hoton da Mak take nema, na wanke shi a nan, ta ga ban rame ba, baƙi kawai na ƙara.

Shiru ban ga takardarki ba tun wadda na amsa. Jirgin kwasar kifi ya saɓa da mu, an ce ya bi ayarin kudu. Ko kuwa fushi ake yi da ni? In fushi ne, a sha ruwa. Ko kuma yanzu mai suna ba ta da lokacin rubuta wa mai warin kifi.

Mun shigo gyaran inji na ɗan leƙa zaurenku, sabis ɗin yana zuwa yana ɗaukewa. Na ga bidiyon taron da kuka yi bayan ƙaramar salla. Na gan ki a layin gaba, an ba ki lasifika kina koya wa mata yadda ake raba amya. Hannunki na hagu a ƙarƙashin saƙa, yatsa biyu a sama. Riƙon wa ke nan? Na ji Parjo yana gabatar da ke yana cewa ɗaya daga cikin 'ya'yan zauren nan. 'Ya'yan zaure! Wato shi ya haife ki a sana'a. Kika tsaya kina murmushi har da sunkuyar da kai. Na kashe wayar, ranar ko abinci ban iya ci ba.

Na duba kuma ban ga kin yi magana a ciki ba kwanan nan. Na ce to, ko an fara gane halin mutumin. Ɗan Jeparan nan ya buɗe mini taswirar a wayarsa, na bi gindin dutsen Muria da yatsa, na ga wurinmu fari fat, babu alamar kowa. Na ji daɗi, na ce ƙanwata dai 'yar halak ce. Ki ci gaba da riƙewa haka. Duk wanda ya matsa miki, ki ce yayanki ya hana, ya zo ya same ni a teku in ya isa.

Yanzu kina gabas wurin mangwaro ko? Ki kula da masu feshi. Ki ajiye mini kwalba ɗaya ta rimi, ta tatsar farko.

Yayanki,
Kasmuri

*

Pati, watan Satumba

Kang Muri,

Muna lafiya. Mak ta ga hoto, ta sa shi a jikin madubi.

Takardarka ta zo. A bakin tashar Juwana na tsaya na buɗe ta, ko gida ban bari na kai ba. Na karanta har ƙasa ina neman kalmar, na juya bayanta, na leƙa cikin ambulan. Na ga lasifika, na ga murmushi, na ga yatsa biyu. Sai na ga ka ce in ci gaba da riƙewa haka. Ngadiman ya ce da alama tawa ba ta same ka ba. Wataƙila. Amma ka riga ka faɗa sau biyu, wannan ta uku, kuma ba ni da sauran abin jira da shi. Akwatuna da yawa sun mutu, wasu ƙudan sun gudu sun bar saƙa fayau. Mai gari ma ya aiko.

Mun kwashe su bayan magariba. Ngadiman ya ɗauko tamfol zai rufe motar kamar kullum, na ce ya bari, wa za mu ɓoye wa.

Na koma bayan kwana biyu ɗaukar duwatsun da muke ɗora akwati. Da ban je ba. Tun daga maƙabarta na ga sama a buɗe inda ba a saba ganinta ba. Masu injin sun fara da babban rimin nan na bakin rafi wanda kake rataya rigarka. Rimi ba shi da ƙarfi, Kang, zarto yana shiga kamar ana yanka rogo. 'Ya'yan ko nuna ba su yi ba, suna zube kore shar a ƙasa, awaki suna ci. Gunadi ya gan ni ya zo ya ce, "Mbak, na jira fa." Na ce na sani, ka jira.

Furen mangwaro ya wuce ni. Abin da ya rage na ƙudan zan kai su gonar roba in ga ko za su farfaɗo. Wurin a taswira na gan shi, wata mata daga Jepara ta sa, ban san ta ba, ba ta san ni ba.

Ban ci amanarka ba. Har yau babu wanda ya ji hanyar kwarin daga bakina, ko Parjo. Taka ce kai kaɗai yanzu, daga gadar katako har gangare, ka bi ta yadda kake so.

Kwalbarka tana nan a ajiye.

Darsih

*

Teku, watan Oktoba

Darsih, ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina gaida Mak da Ngadiman. Jikina lafiya.

Jirgin kwasar kifi ya same mu shekaranjiya. Takardunki biyu aka miƙo mini tare, ɗaure da roba ɗaya, ta Yuli da ta Satumba. Ta Yulin ta yi yawo a teku har ambulan ɗin ya yi laushi. Na duba kwanan wata na ce bari in bi su a jere.

Na karanta ta farko a tsaye a bakin ramin ƙanƙara. Da na zo inda kika ce kina dama ruwan sukari a tsakiyar rani, sai na koma na sake karanta wurin. Ke kaɗai a kwarin nan da ƙudan Bapak suna mutuwa, kina jiran bakina, ni kuma ina Dobo ina ƙirga murmushinki. Ban tsaya buɗe ta biyun ba. Jirgin yana shirin juyawa, na yage bayan kwalin taba, na ari biro wurin mai dafa mana abinci, na rubuta, na ruga ina yi wa mutanen jirgin ihu su dakata. Suka ce in kwantar da hankalina, sai sun gama lodi. Shi ne na zauna a kan igiya na ce bari in ga abin da ta biyun ta ƙunsa.

Laifina ne. Ba Gunadi ba ne, ba Parjo ba ne. Ko ta Yulin ba ta ɓata a hanya ba, tun watan Mayu kika gaya mini komai, na karanta da idona, amma sunan mutum ɗaya ya tsaya mini a wuya na kasa ganin sauran. Har yanzu da nake rubutun nan, idan na tuna farar hularsa sai in ji haushi. Kin ga irin yayan da Allah ya ba ki.

Kada ki ajiye mini kwalbar nan. Ki ba Mak ta sha, ba zan iya haɗiye ta ba.

Guntun kwalin yana aljihuna tun shekaranjiya. Na je zan jefa shi a ruwa na kasa. Ga shi nan na sa miki a cikin ambulan, ban san me za ki yi da shi ba. Abin da ke jiki shi ne: Eh, Dik, ki sa. Yi sauri.

Yayanki,
Kasmuri